Rabin Buhun da Aka Ce Tulu Ya Sauke

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke cikin kowace tukunya ko an rufe ta. Auta, matso kusa, muryata ba ta da ƙarfi yau. Ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ki yi masa kwalliyar 'yan makaranta. Labarin yayanki nake so a ajiye wa 'ya'yansa. Yanzu ƙanana ne, abin da suka sani kawai shi ne babansu ya rame. Wata rana za su girma su yi tambaya, kuma ban sani ba ko a ranar akwai mai ba su amsa, ni ko shi.

Da nauyinsa ya zo duniya. Ungozomar da ta ɗaga shi sai da ta yi nishi, ta ce da ni, "Baiwar Allah, haihuwa kika yi ko sauke kaya?" Babanku, Allah ya jiƙansa, ya leƙo ya ga kumatu ya ga ciki, ya ce, "Tulu." Shi ke nan suna ya bi shi. Yau shekararsa arba'in da ɗaya, da furfura a gemu, amma ko 'ya'yan maƙwabta Baba Tulu suke cewa.

Ki rubuta cewa ba mai haɗama ba ne, don mutane in sun ga mai jiki sai su ɗauka cin rabon wasu yake yi. Abin da aka samu shi yake ci, kuma abin da talaka ke samu ai kin san shi: shinkafa, taliya, burodi, shayi da suga. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya fara dako a siton hatsi da ke bayan tasha. Shekara bakwai yana ɗaukar buhu a ka. Da maigidan siton ya ga yaron ba ya ƙarya ko a kan ƙwayar wake, sai ya ɗora shi a kan sikeli, babban nan na ƙarfe da ake jibge buhu a kai, mai allura kamar agogo. Daga ranar ya zauna a kan benci. Cin ɗan dako bai canza ba, dakon ne ya tafi. Jiki ya yi ta haɗuwa.

Na taɓa zuwa na ga yadda yake aiki. Da safe sai ya share farantin sikelin da tsumma, ya durƙusa ya duba allurar ta koma mazauninta, ya yi bismillah, sannan ya ce a kawo. In buhu ya gaza da kilo ɗaya, tun daga yadda ɗan dako ya taho da shi yake ganewa. Masu kaya sun sha cusa masa abu a aljihu, ya ciro ya ajiye musu a kan buhunsu. Ya kan ce, "Inna, can ma awo za a yi mana. Gara in saba da gaskiyarsa tun nan."

Bara, wajen ƙarshen shekara, wani ƙullutu ya fito masa a saman cibiya. In ya yi tari sai ya turo, in ya kwanta ya danna sai ya koma. Ya ɓoye mana har sai da matarsa ta tona. Amarya nake ce mata har yau, ko da yake shekara goma sha uku ke nan da auren, 'ya'ya uku. Ta ce, "Inna, ki yi masa magana, ni ba ya jin tawa." Na yi, ya tafi asibiti.

Likitar wata doguwar mace ce mai gilashi, ba ta dariya. Ta ce abu uku ne a jikinsa: suga, hawan jini, da wannan ƙullutun, wanda hanji ne ya sami ƙofa a naman ciki yana leƙowa. Ta ce aiki za a yi a ɗinke. Amma ba za ta sa masa wuƙa da wannan nauyin ba, ɗinkin ba zai riƙe ba, zuciyar ma ba lallai ta ɗauki allurar barci ba. Sai ya rage kilo ashirin da biyar, ta ba shi wata shida, ta sa ranar aiki. Ta kuma ce in ƙullutun ya yi tauri ya ƙi komawa, ya fara amai, to kada a tsaya ko neman takalmi, a kawo shi.

Da dariyarsa ya dawo gida. Ya ce, "Inna, ashe buhu biyu da rabi ne ni. An ce in sauke rabin buhu."

Ni ban yi dariya ba. Babanku ma haka ya dawo daga asibiti yana raha. Shi ne ya riƙa tura ƙwayoyinsa ƙarƙashin katifa yana ce mini ya sha, har ranar da ya faɗi a ƙofar shagonsa da mabuɗi a hannu. Da muka ɗaga katifar bayan an kai shi, ke kina goye ba ki sani ba, ƙwayoyi ne fari fat kamar an watsa wa kaji tsaba. Don haka na karɓe maganin Tulu na ɗaure a bakin zanena. Na yi alkawari tsakanina da Allah, kowace safiya ni zan sa masa a hannu, in tsaya sai na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An haɗo shi da takardar abinci. Amarya ta manna ta a bangon kicin, ta karanta mini. Kifi, kaza a cire fata, ƙwai, kabeji, latas, kokwamba, koren wake, tuffa, man zaitun, burodin alkama. Shinkafa ɗan cikin hannu kawai. Ba taliya, ba farin burodi, ba suga, ba lemon kwalba, ba soye-soye. Na ce, "Wato duk abin da ke cika ciki an haramta, duk abin da ke zazzage aljihu an halatta." Amarya ta ce, "Haba Inna, ai rage ci zai yi. Kuɗin cefane ma raguwa zai yi." Haka muka ɗauka, mu biyun.

Washegari muka tafi kasuwa. Mai kayan lambu ya san ni shekara da shekaru, albasa da tumatir nake saya a wurinsa. Da na nuna tuffa ya ce, "Mama, baƙi aka yi?" Na ce a'a, magani ne. Ya faɗi kuɗi. Na ce, "Guda huɗu fa na ce, ba kwandon ba." Ya ce, "Na guda huɗun na faɗa. Wannan ai ba ta san ƙasa ba, a kwali take kwana." Auta, kuɗin tuffa huɗu shi ne kuɗin shinkafar da za ta ciyar da mu shida kwana biyu. Kwalbar man zaitun da ba ta kai tsawon tafina ba ta fi galan ɗin man da muke wata da shi. Kifin da mai kifi ya ɗora mana, da na ji kuɗinsa sai da na leƙa bakinsa ko da zinari a ciki. Muka dawo da leda ɗaya mara nauyi, da yatsa biyu Amarya ta riƙo ta, kuɗin cefanen mako kuwa ya tafi fiye da rabi.

Kuma kayan nan ba sa jira. Shinkafa za ta shekara a buhu ba ta ce uffan ba. Latas kuwa, in aka ɗauke wuta yini ɗaya sai ki buɗe firij ki tarar ya kwanta ya yi baƙi. Dole kowane kwana biyu a koma kasuwa, kuma duk komawa sai an ce ya ƙara. Albashin Tulu shi bai san ana ciwo a gidan ba, yadda yake haka yake.

Sai gida ya koma tukunya biyu, babba tamu, ƙarama tasa. Wata na farko an yi yadda takarda ta ce. Ya sauke kilo huɗu, ya ce ƙafafunsa sun daina nauyi, da safe yana tafiya sito a ƙasa maimakon hawa mota. Kowace Alhamis da la'asar, in an gama sauke motoci, sai ya hau sikelinsa, 'yan dako su kewaye shi suna ihu, "A ɗora shi a mota! Nawa buhun?" Ya dawo ya faɗa mana. Da an bi haka, da yanzu wani labarin nake ba ki.

Amma ƙaramar tukunya cin babbar take yi. Da farko naman da muke sa wa miya ranar Juma'a ya ɓace. Sai madarar shayin yara. Sai ƙwan da ake soya musu ranar da ba makaranta. Amarya tana da dabara, ta iya ƙara ruwa da gishiri har ki ɗauka wani abu ne, amma yaro ba a yi masa dabara a harshe. Ƙaramarsu, Kyanwa, mai shekara huɗu, sunan ma don ba a buɗe kwano ba ta bayyana ba ne, sai ta zo ta tsaya daidai gwiwarsa in yana ci. Ba ta roƙo. Ido kawai take bin cokalin da shi, daga kwano zuwa baki, daga baki zuwa kwano. Wata rana ta ce, "Baba, in na yi ciwo ni ma za a saya mini kifi?"

Muka yi dariya. Shi ma ya yi, ya ɓalla mata. Amma da aka gama na ga ya shiga kicin, abin da ba ya yi. Ina zaune a tsakar gida ina hango shi ta taga. Ya ɗaga murfin babbar tukunya, ya sa ludayi ya juya, ya ɗago, ya bar miyar ta zuba. Ruwa ce ja, ba ko ɗigon mai a samanta. Ya daɗe yana kallo, irin kallon da yake wa buhun da ya gaza. Ya mayar da murfin a hankali don kada ya yi ƙara.

Ranar Lahadi ya ce da ni, "Inna, gobe zan tashi da azumi. Litinin da Alhamis zan riƙa yi. Mutum ya ga ciwo ai sai ya tuna da Ubangijinsa."

Auta, ki rubuta wannan da kyau, don nan ne laifina. Murna na yi. Shekara nawa ina roƙon Allah ya sa wa yaron nan son nafila? Na ɗaga hannu na yi godiya. Har maƙwabciyata na je na ba labari.

Kafin asuba nakan fito da maganinsa, ƙaramar farar ƙwaya ta suga da ta hawan jini. Ya same ni a ƙofar ɗakina, in ce, "Ka yi sahur?" ya ce, "Na yi a ɗaki." In sa masa a hannu, ya haɗiye, in ga maƙogwaro ya motsa, hankalina ya kwanta. Ashe Amarya kuma ce mata yake, "Kwanta abinki, a ɗakin Inna nake sahur, tana ajiye mini." Ita ta ɗauka ni ke ciyar da shi, ni na ɗauka ita ce. Kunya ta hana ta tambayi uwar miji, ni kuma ban ga dalilin shiga tsakanin miji da mata ba. Ruwa kawai yake bi wa ƙwayar da shi.

Da magariba in an kawo masa ƙaramar tukunya sai ya kira yaran su zauna. Ya ce mai azumi in ya ciyar ladansa ninki ne. Wa zai yi musu da wannan? Kifi ya tafi bakin Kyanwa, ƙwai a raba wa manyan biyu, tuffa a yanka huɗu a ba ni ɗaya. Shi ya tauna kabeji ya sha ruwa ya ce alhamdulillah. Bayan mako uku ya ce ya ji daɗin azumin, zai koma yau a yi gobe a huta. Ya ce da Amarya tunda rabin kwanakin ba ya cin rana, ta rage sayen nasa ta mayar wa yara madararsu. Madara ta dawo. Nama ya dawo miyar Juma'a. Gida ya yi haske, kowa yana sa albarka.

Nauyi kuwa ya riƙa zubewa kamar an huda buhu. Mako ɗaya kilo biyu, wani uku. Ya sa ƙusa ya ƙara wa bel ɗinsa huda, bayan kwana goma ya ƙara wata. Riguna suka koma kamar na aro. A titi ana tare shi, "Tulu, ina ka kai cikin? Ba mu sirrin mana!" Mai shayin bakin sito ya ce zai kai ƙarar likitar, ta kashe masa kasuwa.

Ni na ga wasu abubuwa, ba zan ce ban gani ba. Na ga hannunsa yana rawa in zai ɗaure igiyar takalmi. Na ga gumi yana tsattsafo masa a goshi da sanyin safiya. Fatar wuyansa ta saki, idonsa ya faɗa, leɓensa ya yi fari. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba ya daka wa babbar 'yarsa tsawa don ta yar da cokali, sannan ya zauna yana kallon hannunsa kamar ba nasa ba. Wata la'asar yana salla a tsakar gida na ƙirga masa raka'a shida. Da ya sallame na ce, "Tulu, anya azumin nan bai yi yawa ba?"

Ya ce, "Inna, ke da kika koya mini salla, yau ke za ki hana ni ibada?"

Da ya ce mini abinci ne ba ya so, da na ɗura masa kamar jariri. Amma ya shiga ta ƙofar da ya san ba zan bi shi da sanda ba.

Akwai wani dattijo a siton, Tsohon Dako ake ce masa, shi ya koya wa Tulu ɗaukar buhu tun yana yaro. Wata rana da hantsi sai ga shi a ƙofar gida, ya cire hula yana murzawa. Ya ce, "Inna, ba tsegumi na kawo ba. Jiya Mai Sikeli ya yi kuskuren awo har sau biyu. Shekara goma sha tara ban taɓa gani ba. An ɗora buhu, ya tsaya yana kallon allura, ana magana ba ya ji, sai da na taɓa shi. Maigida ya gani, bai ce komai ba, amma ya gani. Kuma da rana, ko ranar da ya ce ba ya azumi, ban ga yana kai komai baki ba. Kular abincinsa a rufe take zuwa a rufe take komawa."

Kin san me na ce wa bawan Allahn nan? Na ce, "A bar shi da Ubangijinsa. Mai azumi ba ya taɓewa." Na ba shi ruwa ya sha ya tafi. Kular kuwa, ashe in yara sun dawo daga makarantar allo da yamma, a soro yake tare su da ita kafin su shigo. Kyanwa ce ta faɗa daga baya.

Wata uku da rabi da zuwansa asibiti, ranar wata Alhamis, na ba shi ƙwayarsa kamar kullum. Da zai fita ya tsaya a ƙofa ya dafa bango. Na ce lafiya? Ya ce takalmi ne ya matse shi. Ya ce, "Inna, yau ina jin zan cika buhu biyu. Ki shirya goron albishir." Na bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Wandon yana kaɗawa a ƙafafunsa kamar an shanya a igiya.

Sauran a bakin Tsohon Dako na ji. Da la'asar an gama sauke mota, 'yan dako suka taru, ya share farantin, ya hau. Allura ta yi rawa ta yi rawa ta tsaya cif a kan ɗari. Aka ɗauki tafi da ihu. Ya yi murmushi ya ce, "A gaya wa Inna." Sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe. Ya zube a kan sikelin, kansa ya bugi ƙarfe. Jikinsa sharkaf da gumi, sanyi ƙalau, yana karkarwa. Mai shayi ne ya gane, don uwarsa na da suga. Ya rugo da gwangwanin suga yana cusa masa a baki. Tulu ido a juye, haƙora a datse, yana cewa, "Azumi nake, azumi nake." Tsohon Dako ya riƙe masa haɓa ya ce, "Karya shi, ɗan nan, zunubin a wuyana!" A bayan motar hatsi suka kai shi asibiti.

Da muka isa ni da Amarya an sa masa ƙarin ruwa, an ɗinke goshin. Likitar ta fito ta tsaya a gabanmu. Ta ce, "Wa ya ba shi maganin suga yau?"

Na ce, "Ni ce. Ban taɓa tsallake rana ba." Da alfahari na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ta ce, "Me ya ci kafin ya sha?"

Na juya na kalli Amarya. Na tarar ita ma ni take kallo.

Likitar ta cire gilashinta. Ta ce ƙwayar nan aikinta ta sauke suga, in ba abinci a ciki sai ta yi ta saukewa har mutum ya tafi. Ta ce ta gaya masa da bakinta, an kuma rubuta a jikin ledar. Ledar da na yi wata uku da rabi ina ɗaure da ita a zanena, rubutun yana goga jikina. Ta ce da ba don mai shayi ba, da gawa aka kawo mata. Ta ce ko addini bai ɗora wa mai irin ciwonsa wannan ba, mu je mu tambayi duk malamin da muka yarda da shi. Na tambaya daga baya, haka ne.

Amarya cikin kuka ta ce, "To likita, ai ya kai nauyin da kika ce. A yi aikin mana a huta."

Ta girgiza kai. Ta ce, "Kitse na ce ya sauke, shi kuma ya haɗa da nama da jini. Jininsa ya yi ƙasa, naman cikin ya yi laushi, in na ɗinke yau ba abin da zare zai kama." Ta soke ranar da ta sa. Ta ce sai ya yi wata uku yana cin abin da ke takardar nan, sau uku a rana, ba fashi, ba rabawa, har da ƙarin hanta da madara, kuma kada nauyin ya dawo. Sannan ta duba ta gani. Ta ce ƙofar da hanjin ke bi ta ƙara faɗi. Ta maimaita maganar takalmi.

Da ya farfaɗo na shiga na zauna a gefen gadon. Na yi niyyar faɗa, na tara maganganu tun daga waje. Na ce, "Tulu, da Allah ka yi mini ƙarya?"

Ya ce, "Azumin na gaske ne, Inna. Da niyya nake kwana."

Na ce, "Don Allah ka yi, ko don kuɗin kifi?"

Ya ce, "Na auna ne. Abin da nake ci ni kaɗai a rana, shi ne na su uku da ke. Duk ta inda na ɗora, ba ya daidaita. Sai na cire kaina ya daidaita." Ya juya fuska bango ya ce, "Ba zan iya haɗiya tana kallona ba."

Na kama hannunsa, hannun da da ba na iya zagaye shi da nawa biyu.

Yau kwana ashirin da shida da sallamo shi. Maigidan sito ya ce ya huta, an sa wani a kan sikelin kafin ya warke, ana ba shi rabin albashi. Mutumin kirki ne, amma na ji an ce sabon yana da sauri. Takarda tana nan a bango. Kayan cikinta sun ƙara kuɗi sau biyu tun ranar. Na sayar da 'yan kunnena da babbar darduma, abin da kika kawo ranar Asabar ma ya shiga, Allah ya yi miki albarka ke da mijinki, na san ku ma ba yalwa gare ku ba.

Yanzu a ɗakina yake cin abinci, in rufe ƙofa in sa sakata. In zauna a gabansa, ba na ba shi ƙwaya sai na ga bayan kwano. Yaran an ce musu magani ne mai ɗaci. Kyanwa ba ta yarda ba, muna ganin inuwar ƙafafunta ta ƙarƙashin ƙofa. Shi ma yana gani. Sai in gyara zama in tare masa.

Madarar yara ba ta ɓace ba wannan karon, kuma ba za ta ɓace ba. Na gaya wa Amarya ta rage awon shinkafa, tsohuwa ba ta buƙatar da yawa.

Shayin nan da kika ajiye mini ya huce, rufe shi ki ba yaran in sun dawo. Me kike kallona? Na san yau Talata ce. Ramuwa nake yi, akwai kwanakin da na sha tun ina goyonki ban rama ba, da na goyon yayyenki, suna da yawa. Ni ba na shan ƙwayar suga, kada ki haɗa ni da shi. Mayar da idonki kan takarda.

Rubuta cewa babansu bai taɓa tauye awon kowa ba sai nasa. Rubuta cewa yau ya cinye kifinsa duka a gabana. Saura wata biyu da kwana huɗu likitar ta sake duba shi.

Da safen nan da ya sunkuya zai yi alwala na ga ya dafe cikinsa. Ya koma ɗaki ya kwanta yana danna ƙullutun. Da, yana taɓawa yake komawa. Yau sai da na karanta Fatiha sau bakwai kafin na ji ya sauke numfashi. Ya fito ya ce ba komai.

In za ki fita kada ki taɓa takalman da ke bakin ƙofa, nasa da nawa. Ni na jera su haka, suna kallon waje.